Wasiƙa ga iyaye: 'yan aji biyar sun shiga darasin kaso da ɗigo

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon yara,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna sanar da ku cewa makonni biyun nan 'yan aji biyar suna koyon mayar da kaso zuwa lamba mai ɗigo, wadda littafinsu ke kira desimal. In kun ga yaro yana rubuta 3/4 = 0.75 a gida, to darasin ke nan.

Abin ba baƙo ba ne a gidajenmu. Yaron da ake aike ya sayo rabin kwalbar manja, ko ya ji tela na cewa yadi biyu da kwata, ya riga ya san kaso, rubutawar ce kawai bai saba da ita ba. Ƙa'idar kuwa guda ce: a raba lambar sama da ta ƙasa. A 3/4, huɗu ba ta shiga uku, sai a rubuta sifili, a sa ɗigo, a mayar da ukun talatin. Huɗu cikin talatin sau bakwai, saura biyu. A mayar da biyun ashirin, huɗu cikin ashirin sau biyar cif. Amsa ta fito, 0.75.

Ranar Talata na leƙa ajin na duba littattafai. Wata yarinya ta rubuta 1/2 = 1.2, wato ta ɗauke layin tsakiya ta ajiye ɗigo a gurbinsa. Malamarsu ba ta ce mata komai a kan amsar ba, sai ta tambaye ta, "Rabin burodi ya fi burodi guda?" Yarinyar ta rufe baki tana dariya, ta ɗauki magogi da kanta. Kuskure na biyu ya fi wannan yawa: yara da dama suna ganin 0.125 ta fi 0.5 girma, tunda 125 ta fi 5. Maganinsa kuɗi ne. A naira dubu, 0.5 naira 500 ce, 0.125 kuma naira 125. Ba yaron da zai zaɓi ta biyun.

Kakanni za su tuna zamanin fam da sule, lokacin da sule ashirin ke fam guda, kwabo sha biyu kuma sule guda. A 1973 aka koma naira mai kwabo ɗari, kuma da kwabon aka koya wa yawancinmu wannan darasi. Yanzu yaranmu ba su taɓa sayen ko alewa da kwabo ba, shi ya sa muke misali da naira ɗari da naira dubu.

Akwai kason da rabonsa ba ya ƙarewa. Sulusi, wato 1/3, yana ba da 0.333, ukun na ta maimaituwa har takarda ta cika, don kullum ɗaya ke saura. Haka ma sudusi, wato 1/6, rabonsa ba ya ƙarewa. In kun ga wannan kada ku yi wa yaro faɗa, daidai ya yi. Masu zuwa Islamiyya ma za su gane tsofaffin sanayya a nan: sumunin da suke ji a darasin gado shi ne 0.125, ushurin amfanin gona 0.1, zakkar kuɗi kuma ɗaya bisa arba'in, 0.025, wato naira 25 a kowace dubu.

Roƙonmu gare ku shi ne, don Allah kada a miƙa wa yaro waya ya danna amsa. Muna gane aikin waya, domin amsa takan zo tsaf babu ko layi ɗaya na rabawa a ƙarƙashinta, kuma ranar jarrabawa ba waya a aji. Ko da ba ku yi boko ba, kuna iya tambayarsa kwatan naira ɗari nawa ne, humusinta, wato ɗaya bisa biyar, nawa ne, sannan ya rubuta muku amsar da ɗigo.

Ranar Alhamis mai zuwa za a yi musu gwaji. Kowa ya zo da fensir, magogi da littafin lissafinsa. Mai son ganin malamar ajin zai same ta a ofis bayan an tashi.

Wassalam,
Shugaban Makaranta