Gwajin Alaji Ga Masu Asma: Kada A Ajiye Inhela Ba Da Umarnin Likita Ba

Ranka ya daɗe Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon fili domin in ja hankalin jama'a a kan wani kuskure da ke yaɗuwa tsakanin masu ciwon asma a nan Sakkwato, musamman yanzu da hunturu ya kama, hazo ya rufe gari, masu tari da toshewar ƙirji suka yawaita a asibitoci. Da zarar likita ya ce wa majinyaci za a yi masa gwajin alaji domin a gano abin da ke tayar masa da ciwon, sai ya koma gida ya ajiye duk magungunansa, har da inhelar da yake shaƙa safe da yamma, wai don kada magani ya ɓoye cutar ranar gwaji. Wannan ganganci ne da zai iya kai mutum ga halaka.

Inhela iri biyu ce a hannun yawancin mutanenmu. Akwai shuɗiyar nan mai salbutamol, wadda aka fi sani da Ventolin, aikinta buɗe hanyoyin numfashi cikin 'yan mintuna idan ciwo ya taso. Akwai kuma mai ɗauke da sitiroyid, kamar beclometasone ko budesonide, wadda ke rage kumburin cikin hanyoyin iska sannu a hankali, kuma ta fi amfani idan an dawwama a kanta. Wanda ya daina shaƙar ta ba ya jin komai a ranar farko, amma kumburin yana dawowa a ɓoye cikin kwanaki ko makonni, har wani dare ya farka yana neman iska. Tun shekarar 2019 ƙungiyar GINA, wadda likitocin duniya ke bin ƙa'idojinta a kan asma, ta daina ba da shawarar a dogara da shuɗiyar kaɗai ga manya da matasa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ne ke fama da asma, kuma ta kashe 455,000.

Gwajin da aka fi yi na fata ne, kuma na zauna kusa da ɗiyar ƙanwata ranar da aka yi mata. Ma'aikaciyar jinya ta goge cikin hannunta, ta yi alamomi da biro a jere, ta ɗiga ruwa kusa da kowace alama: na ƙananan ƙwarin da ke zaune cikin katifa da darduma waɗanda ido ba ya gani, na kyankyaso, na gashin kyanwa, na fumfuna. Ta ƙara ɗigo biyu na tantancewa, ɗaya ruwan gishiri, ɗaya histamin (sinadarin da ke sa fata kumburi da ƙaiƙayi), sannan ta tsikari kowane ɗigo da ɗan tsinken ƙarfe ba tare da jini ya fito ba. Bayan minti 15 zuwa 20 wasu wuraren suka yi kumburi kamar cizon sauro, ta ɗauko rula ta auna, domin sai kumburin ya zarce na ruwan gishiri da milimita 3 ake ƙirga shi. Yarinyar ta shaƙi inhelarta a safiyar ranar kamar kullum, sakamako kuma ya fito sarai, saboda sitiroyid ɗin da ake shaƙa a huhu yake aikinsa, ba ya hana fata nuna abin da za ta nuna.

Abin da ke ɓata wannan gwaji shi ne maganin ƙaiƙayi da atishawa, irin su Piriton da cetirizine da loratadine, waɗanda ake saye a kemis ba tare da takardar likita ba, kuma suna cikin magungunan mura da tari da dama ba tare da mai sha ya sani ba. Su ne likita kan ce a dakatar na wasu kwanaki kafin gwaji, haka ma man shafawa mai sitiroyid a wurin da za a tsikara. Wanda ba zai iya barin su ba, akwai gwajin jini da ke auna sinadarin IgE da jiki ke samarwa idan akwai alaji, kuma magani ba ya canza shi. Abin takaici, wanda ya ajiye inhelarsa ya zo da ƙirji a toshe, likita mai hankali ba zai ma taɓa shi ba, ɗage gwajin zai yi, don tsikarar mai asma da ciwonsa bai lafa ba tana da haɗari.

Ina zaton ruɗanin ya samo asali ne daga wani gwaji na daban, wanda ake shaƙa wa mutum abin da ake tuhuma kai tsaye, kaɗan-kaɗan, ana auna ƙarfin hura iskarsa da na'ura. A nan huhu kan matse cikin minti 10 zuwa 30, daga baya ya buɗe, sannan a wasu mutane ya sake matsewa bayan sa'o'i 3 zuwa 8. Gaskiya ne sitiroyid na shaƙa yana danne wannan matsewa ta biyu, don haka yana iya shafar sakamakon. To amma wannan gwaji na cibiyoyin bincike ne da na ƙwararru masu neman asmar da sana'a ke jawowa, ana yin sa ga likita tsaye, ga iskar oksijin da allurar adirenalin a ajiye, kuma likitan ne kaɗai ke yanke ko za a taɓa magani, da yaushe, da yadda za a sa ido.

Ya kamata kuma a san cewa ƙurar hunturu, hayaƙin itacen girki, turaren wuta da maganin sauro na ƙonawa suna tayar da asma ta hanyar fusata huhu, kuma gwajin fata ba ya nuna su. Mutum zai iya fitowa da sakamako fes alhali yana buƙatar inhelarsa kamar da.

Roƙona ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Asibitin Ƙwararru, da Ma'aikatar Lafiya ta Jiha shi ne, duk wanda za a tura gwajin alaji, a nan ko a wani gari, a ba shi 'yar takarda da Hausar boko da ajami mai nuna sunan maganin da zai dakatar, da kwana nawa, da wanda zai ci gaba da shaƙa. Masu kemis su riƙa tambayar mai sayen maganin mura ko yana da gwaji a gabansa, Rediyon Rima kuma ya gayyato likitan ƙirji ya yi wa jama'a wannan bayani kafin hunturu ya wuce.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga unguwar Mabera, Sakkwato.