Wasiƙa daga Katsina: ka daina barin makinka a ƙasa

Assalamu alaikum mutumina,

Ya Alƙahira, ya karatu, ya fama da asibiti? Da fatan Madam da yara suna lafiya. Mu nan Katsina alhamdulillah, sanyi ya shigo da ƙarfinsa, da asuba in na fito ta Ƙofar Ƙaura ko Gobarau ba a hangowa don hazo. Na je na gaida Baba ranar Juma'a, jiki da sauƙi sosai, har ya zauna waje yana shan hantsi, ya ce in faɗa maka ya ga saƙo Allah ya yi albarka.

To abin da ya sa na zauna na rubuto maka dogon abu haka maimakon in turo murya, maganar da ka yi ce rannan, da ka ce ka sayi tikitin jirgi na zuwa gida Sallah na tambaye ka ko ka sa lambarka ta tara makin da kamfanonin jirgi ke ba fasinjojinsu ka ce wace lamba. Wallahi abin ya tsaya min a rai. Shekara biyar kana Kano Alƙahira, Alƙahira Kano, wani lokaci sau biyu a shekara kai da iyali, kuma ko maki ɗaya baka tara ba. Ba laifinka ba ne, ni ma sai da na yi tafiya Chana ta kai shida kafin na sani.

Ka san yadda na gano? A Guangzhou ne, ranar dawowa. Kayana sun haura kilo, na durƙusa gaban kanta na buɗe jaka ina ciro caja da murafen waya ina cusawa a aljihun riga da jakar hannu, gumi na keto min, mutane a baya suna jira. Sai ga wani Alhaji ɗan Kantin Kwari da muka taho tare tun daga Kano, ya bi ta wani layi daban wanda ba kowa, akwatinsa uku aka karɓa ba a ce ya ƙara ko sisi ba, aka manna musu wata takarda aka tura. Da muka sauka Addis na same shi na ce Alhaji don Allah kuɗin tikitinka ya fi nawa ne? Ya ce tikitinmu ɗaya, aji ɗaya, bambancin kawai shi yana da kati. Ya ciro waya ya nuna min, ShebaMiles na Ethiopian, matakin Gold. A nan filin jirgin Bole ya tsaya a kaina na yi rajista a waya, ko minti goma ba mu yi ba, kuma kyauta ne.

Abin kamar gyara ne da mai awo ke yi maka in ka zama kwastomansa. Kowane kamfani na da nasa tsarin: EgyptAir da kake hawa suna da EgyptAir Plus, Saudia suna da Alfursan, Qatar suna da Privilege Club, Turkish kuma Miles&Smiles. Ka yi rajista su ba ka lamba taka kai kaɗai, duk tikitin da ka saya a sa lambar a ciki, in ka yi tafiyar sai su zuba maka maki gwargwadon nisan hanya da kuma ajin tikitin. Ba sabon abu ba ne fa, American Airlines sun fara nasu tun 1981, mu ne dai labarin bai iso mana da wuri ba.

Ga inda nake so ka natsu. Kamfanonin nan ƙungiya ƙungiya ne. Ethiopian da EgyptAir da Turkish duk suna cikin Star Alliance, wadda aka kafa a 1997. Saudia tana SkyTeam, Qatar tana oneworld. Ma'ana lamba ɗaya ta EgyptAir ta ishe ka ko Ethiopian ka hau ko Turkish, makin zai je asusu guda. Kuskuren da na ga mutanenmu na yi shi ne buɗe kati huɗu biyar, nan dubu uku can dubu biyu, a ƙarshe ba wanda ya kai ya saya maka komai har wa'adinsu ya ƙare su bi ruwa. Ka zaɓi ɗaya ka riƙe shi. Kai tunda gidanka Alƙahira ne yanzu ni a ganina na EgyptAir ya fi maka.

Ka yi lissafi da kanka. Kano zuwa Alƙahira ya kusa mil 2,000, zuwa da dawowa kusan 4,000 kenan. Ni kuma Kano zuwa Addis wajen 2,000, Addis zuwa Guangzhou wajen 5,000, to tafiya ɗaya zuwa da dawowa ta kai 14,000 in tikitin mai ba da cikakken maki ne. Na ce in, saboda a jikin tikiti akwai wani harafi guda da ke nuna ajin kuɗin da ka biya, duk da kujerar ɗaya ce, tikitin rangwame sosai wani rabi zai ba ka, wani rubu'i, wani ma babu. Jirgin alhazai na shata kuwa kar ma ka sa rai da shi.

Sai maganar suna, wannan ita ta ci ni. Na rubuta Muhammad wajen rajista, fasfona kuwa Mohammed ne, tafiya biyu na yi makin bai shiga ba ina ta duba waya. Sai da na tura hoton fasfo aka gyara. Ka ɗauko fasfonka ka ajiye gabanka ka kwafa harafi da harafi, sunan farko a wurinsa na mahaifi a wurinsa. Kuma makin na wanda ya zauna a kujera ne ba na wanda ya biya kuɗi ba, don haka Madam ta buɗe nata, lambarka ba za ta hau tikitinta ba ko da kai ka biya.

Ejan kuma kar ka dogara da shi ɗari bisa ɗari. Wanda nake saye a wurinsa da, sau biyu ina tura masa lambar yana cewa an sa, na je kanta aka ce babu. Yanzu ni da kaina nake shiga manhajar kamfanin da lambar booking ɗin nan mai harafi shida da ke jikin tikiti in duba, in babu in sa, in kuma na manta sai in miƙa wa ma'aikacin kanta tare da fasfo. In an ba ka katin shiga jirgi ka duba, za ka ga lambar a jiki. Kada ka yar da katin nan sai maki ya shiga, don in bai shiga ba da shi da lambar tikiti mai lamba 13 za ka nemi haƙƙinka, ta EgyptAir da 077 take farawa, ta Ethiopian 071. Suna ba da 'yan watanni na neman makin baya, saboda haka tafiyarka ta ƙarshe ma ka gwada da zarar ka yi rajista. Don Allah kuma ka bar ɗora hoton katin a status, zanen layi layin nan na jikinsa yana ɗauke da sunanka da lambar booking, mugu zai iya shiga da su. Masu cewa za su sayar maka da maki da araha su ma ka rabu da su, kamfani na iya rufe asusun gaba ɗaya.

Makin iri biyu ne, akwai wanda kake kashewa, akwai wanda ke ɗaga matsayinka a shekara. Ni yanzu ina Silver, ina fatan Gold in kasuwa ta yi kyau, don shi ne mai ƙarin kaya da ɗakin hutu a duk jiragen ƙungiyar, kuma ka san ɗan kasuwa kilo shi ne komai.

Amma abin da ya fi min duka shi ne na Hajiya. Ka san tun rasuwar Malam take maganar Umara, ni kuma kuɗin na shiga kaya. Shekara biyu ina tara maki ban taɓa ko ɗaya ba, ranar da na ga sun isa na ciro mata tikitin Jidda da su ta Addis, don ana iya cire wa wani da makinka. Haraji da kuɗin filin jirgi na biya da biza da masauki, tikitin kansa maki ne ya biya, nawa kuma na saya da kuɗi. Kujerun maki kaɗan ne a kowane jirgi, a azumi ban samu ba sam, sai na haƙura na nemi bayan Mauludi tun wata uku kafin lokacin. Da asuba muka kama hanya, Charanchi, Kankia, Bichi, tana riƙe da carbi ba ta ce komai ba har muka shiga Kano. Sai a filin jirgin Malam Aminu Kano da aka miƙo mata katinta ta juya shi ta sake juyawa ta ce wai da gaske ba ka ci bashi ba? Na ce Hajiya wallahi tafiye tafiyen nan ne da kike min addu'a a kansu. Ta kama hannuna ta riƙe har aka kira mu.

Kai ma Inna na nan, kuma na san abin na ranka. Yau ɗin nan in ka dawo daga asibiti ka yi rajistar, ka sa lambar a tikitin Sallah tun bai ƙure ba, in wani wuri ya shige maka duhu ka ɗauki hoton ka turo min ta WhatsApp ko tsakar dare ne. Ka faɗa min ranar saukarka Kano in zo da mota in ɗauke ku, kar ka ce za ka shiga ta haya da yara.

A gaida Madam da kyau, a shafa min kan yara.

Naka har kullum,
abokinka na Ƙofar Ƙaura