Ni da DT 515

Mutumina, sallama.

Wato tun da ka tare a Maraɗi shikenan ka ɗauke ƙafa, ko filashin babu. Ya Hajiya da jiki, ya amarya? Bari in ba ka labari kafin ya huce.

Na samo littafin nan! Wanda sufabaiza ya ce in ban karanta shi ba kar in ƙara kawo masa babi na biyu. Kwana uku ina zarya a laburare ina neman 966.9, don ni dai abin da na sani tun sakandare kenan, tsarin Dewey na jera littattafai da lamba, tarihin Najeriya 966.9, Musulunci 297. Ashe nan jami'a ba shi suke bi ba, na Library of Congress ne, da haruffa ake farawa. Ni kuma girman kai ya hana ni tambaya, ka san hali.

Ran Laraba aka ɗauke wuta kwamfutar katalog ta mutu, sai wani dattijo ma'aikaci ya gan ni ina ta zufa ya ce ɗan nan me ka ɓatar, ya ja ni wajen durowowin katin nan da muke cewa akwatin ƙuri'a. Ya jawo ta sunan marubuci, ya lashi yatsa ya fiffiƙa, ga kati, lamba a kusurwar hagu ta sama, DT 515. DT tarihin Afirka, 515 Najeriya. BP Musulunci, Hausa kuwa can PL 8231 zuwa gaba. Layin ƙasa na lambar littafin shi ya so ya haukata ni, wai .B35 kafin .B4 yake zuwa don kamar desimal ake karanta shi, kai da ka ci F9 a lissafi da can za ka kwana.

Duk da haka fa ba ya gurbinsa. Baba ya yi dariya ya zura hannu bayan littattafan, sai ga shi an kwantar, wani mugu ya ɓoye saboda jarabawa. Na so in zagi mai shi sai na tuna abin da muka yi wa Dogo a aji uku, na yi gum.

Af, Dogon ma an sa masa rana bayan babbar salla, kuma ba wadda kake tsammani ba ce. Mai shayi yana ta cigiyarka, ya ce bashinka na nan a rubuce, har da Indomie biyu.

In za ka shigo ka taho min da kilishi, mai yaji. A gaida Hajiya da kyau.

Naka,
Ɗan ɗakinka