Wasiƙa Kan Gadon Launi a Gashin Kaji

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, da uwargida da yara baki ɗaya. Mu ma nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Wasiƙarka ta iso, kuma sai da na dara da na zo inda ka ɗora wa zakaran maƙwabta laifi. Ka ce zakaranka ruwan toka, kazarka ruwan toka, amma da aka ƙyanƙyashe sai ga baƙaƙen 'yan tsaki da wasu farare masu ɗishi-ɗishi a cikinsu. Malam, ka ƙyale bawan Allah da zakaransa. Daga cikin akurkinka abin ya fito, kuma muddin toka kake haɗawa da toka, haka za ka yi ta gani.

Kowane ɗan tsako ƙwayoyin gadonsa biyu-biyu suke zuwa, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Cikinsu akwai wata da ba ta da aiki sai dusashe baƙi. Kazar da ba ta gaje ta ba, baƙa ce wuluk. Wadda ta gaji guda ɗaya, baƙinta ya koɗe ya koma toka. Wadda ta gaji biyu kuwa, ya koɗe ƙwarai, ta fito fara da ɗigon toka nan da can kamar an yarfa mata tawada. To iyayen nan naka kowannensu guda ɗaya gare shi, yana iya miƙa ta ga ɗansa, yana iya ƙin miƙawa. In ka lissafa, cikin kowane tsaki huɗu ɗaya baƙi, biyu toka, ɗaya fari mai ɗishi. Sai dai kada ka tsare kaza a kwanci ɗaya ka ce sai lissafin ya cika. Ƙwai takwas na iya ba ka baƙaƙe huɗu. Sai tsakin sun yi yawa rabon yake daidaita.

Saboda haka baƙaƙen da fararen nan da ka ce za ka rabu da su, su ne jarinka. Ka raini baƙi da farin mai ɗishi, in sun girma ka haɗa su. Ɗaya ba shi da ƙwayar ko kaɗan, ɗaya biyu gare shi, don haka kowane ɗa guda ɗaya cif zai samu, kwancin gaba ɗaya ya fito toka. Da kajin Andalusiya, 'yan asalin ƙasar Sifen, aka fara gane wannan. Gregor Mendel ya buga bincikensa kan dokar gado a wani irin wake a 1866, ba wanda ya kula sai 1900. Daga nan William Bateson na Kambirij a Ingila ya nuna a 1902 cewa dokar tana aiki a kan kaji, shi da Reginald Punnett kuma suka yi shekaru suna haɗa kaji suna ƙirga tsaki.

Akwai wata tokar daban da masu kiwo ke kira labanda, ita kam in ka haɗa biyu 'ya'yan duka irinta suke fitowa, don sai an gaji ƙwayarta daga uwa da uba kafin ta bayyana. Ka ɗauki gashin ƙirjin kazarka guda ka duba a hasken rana. In tsakiyarsa toka ne amma bakinsa ya fi duhu kamar an zagaye shi da layi, wuyan zakaran da gadon bayansa kuma sun kusa baƙi, irin ta Andalusiya ce. Labanda shafe take bai ɗaya, daga kai har wutsiya, har jan jikin kaza ma tana koɗar da shi.

Duk launukan nan da kake gani, rini biyu kacal jikin kaza ke yi, baƙi da ja. Ruwan ƙasa, rawaya, ruwan zinare, duk jan nan ne aka ƙara ko aka rage. Fari kuwa rashin rini ne, kuma a kansa masu kiwo suka fi ruɗewa. Farin irin kajin da ake kira Leghorn mai rinjaye ne: ka haɗa shi da baƙa, 'ya'yan su fito farare, sai ɗan ɗigon baƙi jefi-jefi. Farin Wyandotte kuma ɓoyayye ne, yana iya laɓewa cikin jajaye ko baƙaƙen kaji zuriya bayan zuriya, ranar da masu ɗauke da shi biyu suka haɗu sai ga farin tsako kwatsam, mai kaji ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Ta yi, halin kakanni ne ya dawo. Kuma farar kaza irin wannan ba ka san launin da ke ƙarƙashin farin ba sai ka haɗa ta da mai launi ka ga 'ya'yanta.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne ratsi-ratsin nan na baƙi da fari irin na Plymouth Rock. A wurin kaji, cikin kuromosom (zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado) masu tantance jinsi, zakara ne ke da iri ɗaya guda biyu, ZZ, kaza kuma ZW, akasin yadda yake a mutane. Ƙwayar ratsi a kan Z take zaune. Kaza Z ɗaya gare ta, kuma 'ya'yanta maza kaɗai take ba wa, matan W suke karɓa. To ka samo kaza mai ratsi ka haɗa ta da jan zakara Rhode Island Red. Ranar ƙyanƙyasa, tsakin na bushewa ka duba tsakar kansu: mai farin tabo namiji ne, wanda kansa baƙi ne tas mace ce. Ba sai ka jira zanko ya tsiro ba. In ka juya haɗin, zakara mai ratsi tsantsa da kaza marar ratsi, dabarar ta rushe, maza da mata duk da ratsi za su fito. Haka ma ruwan zinare da ruwan azurfa suke: jan zakara da kaza irin Light Sussex, matan su fito ja-ja, mazan fari-fari. A kan wannan ilimi Punnett da Michael Pease suka samar da irin da suka kira Cambar, wanda ake bambance jinsinsa tun ranar farko, aka nuna shi a taron kaji na duniya a Landan a 1930. Kamfanonin ƙyanƙyasa har yau da irin wannan haɗi suke tantance wasu kajin ƙwai.

Wuri ɗaya ne zarginka zai iya samun gindin zama. Kaza tana ajiye maniyyin zakara a jikinta mako biyu, wani lokaci har uku. In tana yawo da wasu zakaru kafin ka killace ta, ƙwan farko ba lallai na zakaranka ba ne. Ka ba ta mako uku tukuna ka fara tara ƙwan kwanci. Ka rubuta alamar uwa da fensir a jikin kowane ƙwai, bayan kwana 21 in sun fashe ka sa wa tsakin zobe a ƙafa, ka kuma rubuta launin gashin jariri a littafi tun kafin ya canza, domin sau da yawa shi ke tona abin da gashin girma zai rufe. Ni a ganina littafin nan ya fi sabon zakara amfani.

Ka ambaci masu murɗaɗɗen gashi. Kada ka haɗa biyu. Ɗan da ya gaji ƙwayar daga ɓangare biyu gashinsa karyewa yake yi, ya zauna kusan tsirara, sanyi ya dame shi. Ka haɗa murɗaɗɗe da mai gashi a kwance, rabin 'ya'yan za su murɗe lafiya lau. Kuma ka riƙa shigo da sabon jini lokaci-lokaci, don masu bin launi kaɗai suna haɗa wa da ƙanwa sukan wayi gari ƙwai ba ya ƙyanƙyashewa sosai, tsakin kuma ba ƙwari.

Ka aiko mini da hoton tsakin tun suna da gashin jariri, da na iyayen ta gefe, har da ƙafafunsu in zai yiwu. Ka gaishe mini da uwargida da yara, da su Baba in ka je.

Wassalam,
Naka amini.