Ba kowace tamowa ce "mai tsanani" ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen yara masu tamowa na wani ƙaramin asibiti a Jihar Katsina. Ƙorafina a kan wata ɗabi'a ce da ta zama ruwan dare a labaran jarida da na rediyo: da an ambaci tamowa sai a liƙa mata "mai tsanani", kamar yajin da ake barbaɗa wa labari don ya yi armashi. A wurinmu kuwa wannan awo ne, kuma shi ke raba yaron da za a ɗora a kan magani da wanda za a sallama da shawara.

Yaro daga wata 6 zuwa wata 59, muna zagaya masa wani tef mai launi uku a tsakiyar damtse. In awon bai kai santimita 11.5 ba, ya faɗa ja, wannan ita ce mai tsanani. Daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 rawaya ce, wato matsakaiciya. Abin da ya haura haka kore ne. Muna kuma gwada nauyi da tsawo. Sai kumburi, wanda ya fi yaudarar mutane. Za ki danna babban yatsa a bayan ƙafafun yaron biyu, ki ƙirga uku, ki ɗaga. In gurbin ya zauna bai cike ba, to mai tsanani ce ko da tef ya nuna kore. Irin wannan yaron kumatunsa a cike suke, kaka na ta murna jikanta ya yi ƙiba, alhali gado ke jiransa.

Inda aka fi yin kwaɓa shi ne wajen alƙaluma. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, kashi 7 sun rame, kashi 2 kuma ramewarsu ta yi tsanani. Tsumburewa gajarta ce da ba ta dace da shekaru ba, a hankali take taruwa tun daga ciki har yaro ya kai shekara biyu. Babbar matsala ce, ban raina ta ba. Amma wanda ya ɗauki 37 ɗin ya rubuta "tamowa mai tsanani" ya haɗa cuta biyu daban a tukunya ɗaya.

Mu ne muke kwasar sakamakon. Uwa ta biya ɗan acaba daga ƙauye, an auna ɗanta, rawaya. Ka ce mata ba ya cikin masu karɓar abincin gyaɗar nan na leda da ake ba masu tamowa mai tsanani a matsayin magani, sai ta ce, "Haba Malama, ai a rediyo aka ce duk yaran yankinmu abin ya yi tsanani." Ta tafi da zargin mun ɓoye ne mu sayar. Wallahi ban ga laifinta ba, abin da ta ji ke nan.

Ko a cikin jan ma akwai mataki. Muna ba yaro ledar gyaɗar a gaban uwarsa. In ya karɓa ya ci, kuma babu wani ciwo tare da shi, gida za su koma da rabon mako. In ya kau da kai, ko yana ta amai, ko numfashinsa na sama-sama, ko kumburin ya hau har fuska, kwantar da shi za a yi, a fara da F-75, wata madarar asibiti ta musamman mara nauyi, kaɗan-kaɗan, domin ɗura wa irin wannan jikin abinci mai nauyi tashi ɗaya na iya hallaka shi.

Roƙona ga wakilanku shi ne, in jami'i ya ba su adadi, su tsaya su tambaye shi: masu tsumburewa ne ko masu ramewa, ja ne ko rawaya, kuma na wace shekara? In bai fayyace ba, a rubuta "tamowa" kawai, ya wadatar.

Na gode.

Wata ma'aikaciyar jinya,
Jihar Katsina