Zuwa ga Auta, kafin ki rufe akwatin Paris

Assalamu alaikum Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya ke da maigidanki. Mu nan kowa lafiya lau, damina ta kankama, Babanki yana gaishe ku.

Yayarki ta turo min hoton kayan da kika baje a kan gado don tafiyar nan ta watan Yuli. Na ƙirga leshi uku, shadda biyu, takalma masu tsini ƙafa huɗu, ga wata ƙatuwar rigar sanyi a gefe, duk don kwana goma. Shi ya sa na zauna na rubuto miki, don in na kira waya hira ce za ta ɗauke mu ba mu kai ga batun ba.

Fara da mayar da rigar sanyin nan ma'ajiyarta. Mu da an ce Turai sai ƙanƙara ta faɗo mana a rai, alhali Yuli tsakiyar zafinsu ne. Yawancin ranaku a Paris zafin yana tsayawa wajen digiri 25 ko 26, wanda Bakano zai kira lumshi. Sai dai wani lokaci yakan ɓalle: ranar 25 ga Yuli, 2019, ya kai 42.6 a cikin birnin. Gidajensu an gina su ne don su riƙe ɗumi, kuma mafi yawansu babu na'urar sanyaya ɗaki, shi ya sa zafin 2003 ya yi ajalin mutane kusan 15,000 a Faransa. Duk da haka da sassafe akan yi ɗan sanyi, ruwa kuma yakan sauko ba sallama. Suwaita marar nauyi guda ɗaya da ƙaramar lema mai naɗewa sun ishe ki.

Abin da ya fi damuna takalman nan ne. Paris gari ne na tafiyar ƙasa. A nan kin saba daga ƙofar gida sai mota, daga mota sai zauren biki. A can za ki wuni kina taka ƙasa, kuma tsofaffin lungunansu da ƙananan duwatsu aka shimfiɗe su, tsinin takalmi yana shiga tsakaninsu ya maƙale. Tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda suke kira metro, da yawansu sai kin sauka kin hau matakala da ƙafarki. In kika ce za ki hau Hasumiyar Eiffel a ƙafa zuwa hawa na biyu, matakala 674 ne. Unguwar Montmartre kuwa a kan tudu take. Lokacin da na raka Babanki, sabon takalmi na saka ranar farko, kafin la'asar dugadugaina sun saluɓe, na yi kwana biyu a ɗaki ina jinya yana yawo shi kaɗai. Har yau ina jin takaicin kwanakin nan biyu, kuma ba na so ki gaji wannan daga gare ni. Ki ɗauki kambas fari mai tsafta, da wani takalmin fata marar tudu mai maɗauri a baya, ki fara saka su tun yanzu a gida su saba da ƙafarki. Matan can ma da kambas suke saka doguwar riga, kuma yana yi musu kyau. Mai tsini ƙafa ɗaya ya isa, don ranar da za ku fita cin abincin dare a mota.

Sai tufafin. Na san ana cewa in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka ɗaura. Ni dai ban ce ki je ki saye kayan da ba ki saba da su ba. Wanda bai saba da kaya ba a tafiyarsa ake ganewa, yana ja nan yana gyara can. Atamfarki ita ce adonki. Ki sauka a tashar Château Rouge ki gani: shagunan atamfa jere, da teloli 'yan Afirka ta Yamma, sai ki ɗauka wani layi ne a Kantin Kwari. Babu wanda zai yi miki kallon baƙuwar halitta.

Abin da ya kamata ki koya daga wurinsu shi ne sauƙaƙawa. Adonsu ba ya da hayaniya: kala biyu ko uku, ɗinki daidai jiki, abu ɗaya tak mai ɗaukar ido. Don haka ki zaɓi atamfa uku masu laushi, na auduga, waɗanda aka riga aka wanke ƙarfinsu ya sauka. Ki ce wa telanki ya yi miki doguwar riga mai sakin jiki, ba duwatsu, ba tarin kwalliya a wuya, hannun kuma ya zama mai naɗewa saboda alwala. Tsawon ya tsaya a idon sawu. Rigar da ke sharar ƙasa tana kwashe dattin metro, kuma matakalar lantarki tana iya cafke bakinta. Ki haɗa da abaya biyu marasa nauyi, ɗaya baƙa ɗaya mai haske, da wannan yadin rinin Ƙofar Mata da na ba ki bara. Wallahi shuɗin baba da farin mayafi a bakin kogin Seine, ba na jin akwai abin da za ki saya a can da zai fi shi. Leshi ɗaya kawai, ko za a gayyace ku wani taro. Shaddar ki bar ta, tana da nauyi, tana riƙe zafi, kuma da ta kwana a akwati sai ta nemi guga.

Mayafai ki ɗauki huɗu masu kala ɗaya ɗaya, waɗanda kowanne zai shiga da kaya biyu ko uku. Ki riƙa maƙale su da fil, don gefen kogi da bakin tashoshi akwai iska. Game da doka kuma, ki saurare ni da kyau. Rufe kai a titi ko a kanti ko a gidan tarihi na Louvre ba laifi ba ne, za ki ga mata da yawa da hijabinsu. Rufe fuska ne aka hana a bainar jama'a tun watan Afrilun 2011, tarar kuma tana kaiwa yuro 150. Niƙabin da kike sakawa in za ki kasuwa ki bar shi a gida. Wataƙila ki gamu da mai yi miki kallon banza saboda ɗankwalinki. Kada ki tanka, kada kuma ki cire.

Rana a can tana daɗewa ƙwarai. A farkon Yuli magariba sai wajen ƙarfe goma na dare, ke nan kayan da kika fita da su da safe su za ki yi azahar da la'asar da su a waje. Ki sa safa da siririyar darduma a jaka. Ranar Juma'a ku je Babban Masallacin Paris, wanda aka buɗe a 1926, kusa da lambun Jardin des Plantes. Ranar ce ta abayarki mai kyau.

Gwal ɗin aurenki ki kawo min in ajiye miki. Ɗan kunne ƙarami da zobe ɗaya sun wadatar. Masu yankan aljihu sun yi yawa a metro da wuraren da baƙi ke taruwa, kuma awarwaro shida a hannu kiran su ne. Jakarki ta zama ƙarama, mai zif, mai igiya da za ki rataya ta giciye ta zauna a gabanki. Ta fatar nan da kawunki ya kawo miki daga Sakkwato ta dace.

In za ki yi lalle, ki bar kan yatsunki fes, domin a filin jirgi ana duba zanen yatsu kuma lalle mai kauri yana iya ba injin wahala. Humrarki ki naɗe ta da kyau ki sa a babban akwati, tunda a jakar hannu ba a wuce kwalba mai mililita 100. Ki riƙa shafa kaɗan, cikin jirgin ƙasa a matse ake. Turaren wuta kuwa kada ki kuskura ki kunna a ɗakin otal, akwai na'urar da ke ihu da ta ji hayaƙi. Ki turara kayan tun a gida ki ninke su, ƙamshin zai kai ki ya dawo da ke.

Ki bar wuri a akwatin. Daga ƙarshen Yuni zuwa wajen makonni huɗu kantunansu suna karya farashi, suna kiransa soldes, kuma za ku tarar ana ciki. In kin ga takalmin fata mai laushi lamba 39, ki tuna da ni.

Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, ya tsare ki gaba da baya. Ki kira ni da zarar kun sauka, ko da dare ya yi.

Taki,
Umma