Zinaren Hadrian da kuka sayar mini na zubi ne

Zuwa ga shugabannin kamfanin gwanjon tsofaffin kuɗaɗe,

Bayan gaisuwa. Jiya na kira ofishinku sau huɗu, waya na shiga, babu wanda ya ɗaga. Shi ya sa na fito da maganar nan fili.

A gwanjonku na 14 ga Maris na sayi tsabar zinare guda, aureus na Sarki Hadrian da ya mulki Rum daga shekara ta 117 zuwa ta 138 miladiyya. Na biya Yuro 4,800, ga ladanku 960, ban da kuɗin aike. Kundinku ya ce nauyinta gram 7.24 ne, na kuwa yarda, domin a zamanin Hadrian ana bin nauyin da Sarki Nero ya rage aureus zuwa gare shi a shekara ta 64, wato a buga 45 daga laba ɗaya ta Rum, kusan gram 7.3 ke nan kowace.

Da ta iso na ɗora a ma'auni, sai ga 6.41. Na kai wa maƙerin zinare, shi ma haka ya samu, har ya nuna mini layin haɗi a gefenta da ƙananan ramuka a gemun sarkin. Rumawa bugawa suke yi da guduma tsakanin hatimi biyu. Wannan zuba ta aka yi, wato jabu ce.

Na aiko muku hotuna, na yi ta rubuto wasiƙu, makonni shiru. Ranar 9 ga Mayu da ƙarfe 11:20 na safe ma'aikacinku ya amsa da layi biyu. Wai wataƙila da ma'aunin kayan miya na auna, kuma wai masu saye daga wajenmu ba su saba da irin wannan kaya ba. Shekara ashirin ina tara zinaren Rum. Da wannan ma'aunin na auna solidus, wani kuɗin zinare na Sarki Konstantin na Rum da ke hannuna, ya ba ni gram 4.5 ɗinsa daidai. Gaskiya maganar nan ta fi asarar kuɗin yi mini ciwo.

Ku maido mini da Yuro 5,760 da kuɗin aikena, ku ba ni haƙuri a rubuce. Sannan ku faɗa wa jama'a daga hannun wa tsabar nan ta fito da wanda ya tantance ta, idan ma an tantance. Ban yarda kuskure ba ne. Kun san mai saye daga nesa ba zai iya zuwa ƙofarku ba, shi ya sa kuke tura mana abin da ba za ku iya miƙa wa na kusa ba. Mu nawa kuka yi wa haka?

Ina jiran amsarku cikin kwana 14.

Naku,
Mai saye da kuka ƙi ɗaga wa waya